Kwarkwata a Kan Yara: Yadda Nake Maganinta, da Kayan da Na Daina Wahalar Wankewa

Wata Juma'a da la'asar nake tsefe wa 'yata ta biyu kai. Tana zaune tsakanin ƙafafuna a kan tabarma, ina warware shukun da ya kusa wata a kanta. Da na iso bayan kunnenta na dama sai na ga wani ɗan abu mai ruwan ƙasa, girmansa bai wuce ƙwayar riɗi ba, ya sulale ya shige duhun gashi. Na bi shi da kibiya na zaƙulo shi, na ɗora a farcen babban yatsana na danne da ɗayan farcen. Ya yi ƙas, ya bar ɗigon jini. Na ɗaga gashin ƙeyarta, sai ga ƙwai a jere a gindin gashi, wasu farare wasu masu duhu, kamar an barbaɗa mata dusa. Sati biyu ke nan yarinyar tana susa, ni kuwa ina ta ɗora laifin a kan zafi da amosani.

"Umma, me kika gani?"

"Ba komai, zauna daidai," na ce mata, amma gabana ya riga ya faɗi. Abin da ya fara zo mini a rai shi ne bakin mutane: 'yar malama guda da kwarkwata.

Kwana uku na yi ina wanki. Na fitar da katifu huɗu rana, na kwance labulaye, na wanke zannuwan gado har da waɗanda ke ninke cikin akwati tun bara, da hijabai da ɗankwalayen gidan gaba ɗaya, da dardumar salla. Kafet ɗin falo ma sai da na sa aka fitar aka kakkaɓe. Kura biyu ta ruwa na saya a wajen 'yan garuwa. Kan yarinyar kuwa sau ɗaya na shafa masa maganin da na karɓo a kemis, na wanke, washegari na kai ta aka yarfa mata sabon kitso ƙanana. Bayan kwana goma sha biyu susa ta dawo, wannan karon har da ƙanwarta da suke kwana katifa ɗaya.

Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce. Na kira ta ina mitar an sayar mini da jabun magani. Ta bari na gama lissafa mata wankin da na sha, sannan ta ce, "Yaya, sau nawa kika sa mata maganin?" Na ce sau ɗaya. "Kin taje kan da matajin kwarkwata?" Na ce a'a. "Sauran yaran fa, kin duba su?" Na yi shiru. Ta ce, "To ai ɗakin kika yi wa magani, Yaya. Ita tana nan a kai, ba ta je ko'ina ba."

Shekara shida ke nan da yin wannan. 'Ya'ya mata huɗu gare ni, kuma a firamare nake koyarwa, don haka na sake karo da kwarkwata ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, a gidana da kan ɗalibaina. Tun daga ranar ban sake fitar da katifa saboda ita ba, kuma ba ta sake zarce mana kwana goma sha bakwai a gida ba.

Sai kin san halinta za ki gane dalili. Kwarkwatar kai jinin mutum kaɗai take sha, kuma sau da yawa take sha a yini. Ba ta da fiffike, ba ta tsalle irin na ƙuma. Ƙafafu shida gare ta masu ƙugiya, daidai riƙon silin gashi, da su take rarrafawa daga wannan kai zuwa wancan idan gashi ya gogi gashi: yara sun haɗa kai a kan waya ɗaya, ko suna raɗa a aji, ko sun yi barci kai da kai. A kan mutum takan yi kwana 30 a raye. Idan ta faɗo kan filo ko ƙasa, kwana ɗaya zuwa biyu take yi ta mutu, yunwa da bushewa ke kashe ta. Macen tana saka ƙwai wajen shida zuwa takwas a rana, tana liƙa kowanne a jikin sili da wani irin ƙaro da ruwa ba ya narkarwa, dab da fatar kai, domin ɗumin kai ne ke ƙyanƙyashe shi. Ƙwan yakan fashe cikin kwana bakwai zuwa goma, 'yar da ta fito kuma sai ta yi kamar kwana tara zuwa goma sha biyu kafin ta isa saka nata ƙwan. Riƙe waɗannan kwanakin, a kansu aka gina duk abin da za ki yi. Abin da ya same ni ke nan a karon farko: magani ya kashe manyan, ya bar ƙwai, ni kuma na rufe ƙwan da ƙananan kitso yadda ba mai damunsa, ya ƙyanƙyashe hankali kwance.

Maganar kunya kuwa, ki sauke ta daga kanki tun yanzu, domin ita ce ke sa iyaye ɓoyewa har abin ya game unguwa. Kwarkwata ba ruwanta da tsafta ko ƙazanta, kan da ake wankewa kullum ma tana zama. Barin kai a jiƙe ba ya haifar da ita kamar yadda na sha ji ana faɗa; daga kan wani take zuwa. Ba a ɗaukar ta daga kyanwa ko akuya ko kaji. Sahabi Ka'abu bin Ujra, a shekarar Hudaibiyya yana cikin harami, kwarkwata ta dame shi har tana zubowa a fuskarsa, Manzon Allah (SAW) ya ba shi izinin aske kansa ya yi fidiya. Ina ba ɗalibaina wannan labarin duk ranar da na ga sun fara tsokanar wata a aji, kuma nan take bakinsu ke mutuwa.

Aikin yana farawa ne da dubawa, kuma kowa na gidan za a duba, har ke da kanki. Kada ki ce wance ba ta susa don haka lafiyarta lau. Ƙaiƙayin daga yawun kwarkwatar yake, kuma wanda bai taɓa yin ta ba yakan yi sati huɗu zuwa shida tana kansa kafin ya fara jin komai. Ki zaunar da yarinya a tsakar gida inda rana ke haskawa, ko ki haska da fitilar waya, ki fara da bayan kunnuwa da ƙeya, nan ta fi son saka ƙwai. Bambancin ƙwai da amosani ba wuya: amosani kina kaɗa shi da yatsa zai faɗi, ƙwai kuwa sai kin kama shi da farce kin ja shi har ƙarshen sili. Wanda ke manne a gindin gashi mai ɗan duhu shi ne mai rai. Fari fat da ya yi nisa da fatar kai fiye da santimita ɗaya yawanci ɓawo ne, 'yar ciki ta daɗe da fita, gashi ne ya tsiro ya tafi da shi. Mai rai tana motsi ita ce shaidar da za ki sa magani a kanta. Duk waɗanda aka samu da ita, rana ɗaya za a fara musu, in ba haka ba wadda ta warke za ta sake ɗauka daga wadda ba a fara wa ba.

Kitso sai an tsefe shi duka. In akwai ƙarin gashi ko ulu a cire a ƙulle a leda a zubar. Na san zafin wannan, musamman idan jiya-jiya aka biya kuɗin kitson, amma ba magani ko mataji da zai kai gindin gashin da ke tufke.

Hanyar da na fi dogara da ita ita ce tajewa a jiƙe, domin ba ta da guba, ana yi wa ƙaramar yarinya da mai ciki da mai shayarwa, kuma kwarkwata ba ta da yadda za ta saba da ita. Kayan aikin mataji biyu ne, babba mai faɗin haƙora da matajin kwarkwata wanda haƙoransa suke a matse har da ƙyar sili ke wucewa. Ana samunsa a kemis da wajen 'yan koli. Ki nemi na ƙarfe, na roba ba ya jure gashinmu, haƙoransa tanƙwarewa suke yi su buɗe, kwarkwata ta bi ta tsakani. Sai man laushin gashi da ake kira kondishina, mai arha ma ya isa amma ki saya da yawa, da farin ƙyalle, da ƙaramar roba mai ruwan zafi.

Ki wanke kan yadda kika saba, ki lafta kondishina har gashin ya yi santsi tun daga gindi. Amfaninsa biyu: mataji zai wuce ba tare da yarinya ta yi ta ihu ba, kuma kwarkwata takan sandare a cikinsa ta kasa gudu, alhali a busasshen gashi kafin ki buɗa nan ta koma can. Ki fara sharce kan da babban mataji har ya daina sarƙewa. Wannan matakin ne masu gashi irin namu ba za su tsallake ba; wadda ta cusa matajin kwarkwata a cukurkuɗaɗɗen gashi, gashin za ta tsinke, yarinyar kuma ba za ta sake yarda ta zauna ba. Daga nan ki raba kan gida shida ko takwas ki ɗaure kowanne. Ki kwance ɗaya, ki tsaga ɗan siriri wanda bai wuce faɗin yatsa ba, ki kafa matajin kwarkwata har haƙoransa su taɓa fatar kai, ki ja a hankali zuwa ƙarshen gashi. Kowane ja sai ki goge matajin a farin ƙyallen ki duba. Za ki ga manyan suna motsi a cikin kumfar, da 'yan ƙanana kamar ɗigon barkono, waɗanda in ba a farin ƙyalle ba ba za ki taɓa lura da su ba. Ki tsoma matajin a ruwan zafin, ki maimaita a wurin sau uku ko huɗu ta fuskoki daban-daban, sannan ki matsa gaba. Idan kin gama kan duka ki ɗauraye, ki sake bi sau ɗaya. Babbar 'yata mai cikar gashi takan ci mini awa ɗaya da rabi, autar kuwa minti talatin. Ina ba su waya ko in ɗora musu tatsuniya, in kuma ajiye gyaɗa a gefe.

Mataji ba ya kwashe ƙwai duka, komai ƙoƙarinki. Shi ya sa ake maimaitawa. Hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, ta tsara a taje a rana ta 1, ta 5, ta 9 da ta 13, sannan a sake dubawa a rana ta 17. Hikimar ita ce duk 'yar da ta ƙyanƙyashe za ki kama ta kafin ta girma ta saka ƙwai, har ƙwan da ke kan ya ƙare. Ni nakan fara ranar Asabar, sai ya faɗo Laraba, Lahadi, Alhamis, dubawar ƙarshe kuma Litinin, ina rubutawa a kalandar bango don kada hidima ta mantar da ni. A tsakanin ranakun ina yi musu manyan kalaba guda huɗu ko shida masu sauƙin warwarewa. Mafi yawan waɗanda suka ce mini tajewa ba ta yi musu aiki ba, da na bincika sai in tarar a zama na biyu suka tsaya, da suka ga susa ta lafa.

Idan yaran da yawa, ko kan ya cika maƙil, ko ba ki da awannin nan, sai a haɗa da magani. Ki je wurin mai ilimin magunguna, ki faɗi shekarun yarinyar, ki kuma karanta sunan sinadarin a jikin kwalin da idonki. Wanda aka fi samu shi ne mai permethrin 1%. Ana wanke kai da sabulun da ba a haɗa shi da kondishina ba, domin kondishina na hana maganin kama gashi, a tsane da tawul, a shafa maganin ya jiƙa gashi har gindi, a bar shi minti 10, a wanke. Ki sunkuyar da kanta a roba ko baho wajen wankewa don kada ruwan maganin ya bi jikinta, ki rufe mata ido da ƙyalle. Kada a sake wanke kan sai bayan kwana ɗaya ko biyu. A rana ta tara a maimaita, wannan shi ne abin da na tsallake har na yi asarar ruwa da sabulu. Bayan awa 8 zuwa 12 da sa maganin ki duba: in kin ga 'yan kaɗan suna tafiya a galabaice, magani na aiki, ki taje su kawai. In kuwa suna gudunsu kamar ba a yi komai ba, kin haɗu da irin da ta saba da permethrin, abin da ya yawaita a ƙasashe da dama har NHS ta daina ba da shawarar amfani da shi. Ƙara yawansa ba zai amfane ki ba, sai a canza wani.

Akwai mai dimeticone 4%, wanda ba guba ba ne, wani mai ne da ke lulluɓe kwarkwatar har ta mutu. A busasshen gashi ake shafa shi, ya yi awa 8 ko ya kwana, a wanke, a maimaita bayan kwana bakwai. Ba kowane kemis ke da shi ba, sai manyan shagunan magani, kuma kai mai cika yana iya shanye fiye da kwalba ɗaya. Gashin da aka shafa wa shi yana saurin kama wuta, haka ma mai malathion, don haka yarinya ta nisanci murhu da risho da gas da kyandir da kaskon turare har sai an wanke. Ƙwayar ivermectin ta sha kuwa likita kaɗai ke ba da ita, ba a ba mai ciki ko yaron da bai kai kilo 15 ba. Yaron da bai kai shekara biyu ba, da mai ciki, da mai shayarwa, da mai asma, kada a sa musu kowane magani sai an tambayi ma'aikacin lafiya. Ko da wane magani kika yi amfani, ki ci gaba da tajewa duk bayan kwana biyu ko uku har sati biyu zuwa uku.

Yara maza aski ya raba gardama, a yi musu tal-kwabo. 'Ya mace kuwa ban yarda a aske mata ba sai in an rasa yadda za a yi. Na ga wata ɗalibata da aka aske, zango guda ba ta cire hula ko a wajen alwala sai ta waiga ta ga ba mai kallonta.

Yanzu ga maganar da nake roƙon ki da Allah ki isar wa duk wadda kika sani. Kada a zuba fiya-fiya, ko Sniper, ko maganin feshin gona, ko maganin sauro a kan mutum. Sinadarin da ke cikin irin su Sniper, dichlorvos, yana ratsa fata ya shiga jini, balle fatar da susa ta riga ta farfasa, balle kuma a ɗaure kan da leda a kwana. A 2019 jaridu sun ba da labarin wata mai hidimar ƙasa a jihar Osun da ta rasu bayan ta shafa shi a gashinta don kashe kwarkwata, kuma a shekarar ne hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni da manyan shaguna. Duk da haka har gobe ina jin mata suna ba juna shawarar "ɗan ɗigo kaɗan a cikin man kitso". In an riga an yi, aka ga yawu na dalala, ko amai, ko gumi, ko numfashi na sarƙewa, a tuɓe kayan, a wanke kai da jiki da sabulu da ruwa mai yawa, a garzaya asibiti da kwalbar a hannu. Kada a tsaya ɗura manja ko madara. Kananzir da fetur suna ƙona fata, kuma tartsatsi ɗaya ya isa. Kafur ɗin da ake sawa cikin akwatin kaya, wanda wasu ke dakawa su kwaɓa da mai, yana farfasa jinin wasu yara ya jawo shawara mai tsanani, jarirai sun fi shiga haɗari. Man miƙar da gashi da muke ce wa shamfo ko rilaksa ba abin dogaro ba ne wajen kashe ƙwai, kuma a kan da ke da ƙuraje ƙuna zai ƙara. Man kaɗanya da man kwakwa da man zaitun da na darbejiya ba su da laifi, suna taimaka wa mataji ya wuce, amma mataji ne ke aikin, kada ki shafa ki kwanta da tunanin an gama.

Sai kayan gida, inda na sha wahalar banza. Karo na biyu da kwarkwata ta shigo mana, surukata tana gidan. Ta ga na gama taje yara na ɗebi 'yan kaya kaɗan na nufi bakin rijiya, ta ce, "Ke 'yar nan, ba za a fitar da katifu ba? Haka za su koma su kwanta a kai?" Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri ki ba ni sati biyu. In ta dawo ni da kaina zan fitar." Ban ga laifinta ba. Abin da suka sani a zamaninsu gaskiya ne, sai dai na wasu ƙwarin ne. Kuɗin cizo a gado da katifa da tsagar bango yake zaune, yana yin watanni bai ci ba, shi kam sai an fitar da komai. Kwarkwatar jiki a ɗinkin tufafi take zama tana saka ƙwai, maganinta wanki da ruwan zafi da guga, kuma ita ce ke yaɗa cuta, ta kai ba a san ta da yaɗa wata cuta ba. Ƙazuwa ma ana wanke kayan sawa da na shimfiɗa. Mu ne muka haɗa su duka muka yi musu hukunci ɗaya.

Masu bincike a jihar Kwinsland ta Ostireliya sun gwada abin a aikace. Sun duba kawunan yara 2,230 a azuzuwa 118 na firamare, suka samu 466 da kwarkwata, suka taje guda 14,033 daga kawunansu. Suka share kafet ɗin azuzuwan nan duka da injin zuƙar ƙura suka bincika, ko ɗaya ba su samu ba. A wani binciken suka duba rigar filon mutum 48 masu kwarkwata bayan sun kwana a kai, biyu kaɗai aka samu da mai rai. Ranar da ƙanwata ta karanto mini wannan, kafet ɗin falona na tuna, da yaran da na sa suka yi ta dukansa da sanda a rana. Lafiyayyar kwarkwata ba ta sakin gashi da son ranta. Wadda kika gani a ƙasa galibi ta tsufa ne ko ta jikkata. Ƙwai kuma a liƙe yake da sili, in ma silin ya faɗi, babu ɗumin kai da zai ƙyanƙyashe shi.

Shi ya sa NHS ta ce ba sai an yi wankin ruwan zafi ba ma sam. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ɗan fi taka-tsantsan, ta ce a wanke abin da ya taɓa kan mai ita a cikin kwana biyun da suka gabaci magani, da ruwa mai zafin digiri 54 ko fiye. Ni ta biyun nake bi, saboda a gidajenmu yara uku na iya kwana a filo ɗaya, hijabi ɗaya kuma na iya zaga kai huɗu kafin azahar. Abin da nake ɗiba a ranar farko bai cika baho ba: rigar filo da zanin gadon da suke kwana a kai, hijabin makaranta da na Islamiyya, ɗankwali da hular da aka sa jiya da shekaranjiya, tawul, da ribom. Ina tafasa ruwa in sauke in zuba a kansu, in bar su minti goma, in wanke in shanya a rana. Abin da ruwan zafi zai lalata sai in bi shi da dutsen guga. Wanda ba ya wankuwa kuma ba ya goguwa, kamar hular gashi ko 'yar tsana mai laushi da auta ke runguma, CDC ta ce a ƙulle a leda sati biyu. Ina jefa shi saman kwaba in manta da shi. Kayan da ke cikin akwati, labule, kujeru, darduma, gidan sauro, katifa, ba na taɓa su. Tabarma da kafet shara ta yau da kullum ta ishe su. Feshin ɗaki da maganin ƙwari saboda kwarkwatar kai kuwa ba shi da wani amfani, yara kawai za a shaƙa wa guba, CDC ma ta hana. Sati biyun suka cika, Hajiya da kanta ta duba kan jikokinta a rana, ta ce, "Ikon Allah, ashe haka abin yake."

Abin da ya cancanci kulawarki a cikin kaya shi ne mataji da buroshi da kibiya, domin su ne ke fizgo lafiyayyar kwarkwata daga kai su ɗora ta a wani kan cikin minti ɗaya. Ki cire gashin da ya maƙale, ki jiƙa su a ruwan zafi minti 5 zuwa 10 bayan kowane zama, kowace yarinya kuma ta samu nata. Wajen mai kitso ma da namu muke zuwa, musamman jajibirin salla da ake layi, mataji ɗaya na bin kai ashirin. Mai kitsonmu da farko ta ɗan ji ba daɗi, na ce mata, "Yaya, ba don ke ba ne, don yaran mutane ne, nawa ne suka yi kwarkwata kwanaki." Yanzu ita ma tana ajiye ruwan zafi a fulas.

Ki sanar da malamar ajinsu da ta Islamiyya a asirce, da uwar ƙawar da suka fi shaƙuwa, da gidan da yarinyar ta je hutu. Da nauyi a baki, na sani, amma in ba a duba waɗancan kawunan ba, daga inda ta zo za ta sake zuwa, ke kuma ki ce magani ne bai yi ba. Ba sai an hana yarinya zuwa makaranta ba, da zarar an fara magani ta tafi abinta, a dai ɗaure gashin a kuma ja mata kunne kan aron hijabi da hula. In kuwa kin ga susa ta zama gyambo mai ruwa ko ɓawon rawaya, ko kaluluwa ta fito a wuya, ko zazzaɓi, ko kin ga ƙwarin a gashin ido, wannan na asibiti ne. Ƙaiƙayi kaɗai yakan ɗan ci gaba kwanaki bayan an gama da ita, ba shi ne dalilin sake sa magani ba sai in kin ga mai rai.

Ranar Litinin ɗin nan ta goma sha bakwai, bayan an taso daga makaranta, nakan jiƙa kan kowacce in bi shi da matajin tsaf, gida-gida, ina gogewa a farin ƙyalle. In ƙyallen ya fita fari, farin ɓawon da ya rage a jikin sili in zare shi da farce don kada a gani a makaranta a yi zaton sabuwa ce, in shafa musu man kaɗanya, washegari su tafi gidan kitso da matajinsu a jaka. Matajin ƙarfen kuma ba na ajiye shi nesa, duk ranar tsifa sai na bi bayan kunnuwa da ƙeya da shi kafin a sake kitso.